ZARE: Tareni, gashin layyar Sakkwatawa, da tarihin da ke bayan wutarsa 🧵

1/
Duk ƙarshen shekara wayoyinmu kan cika da bidiyon Turawan Amurka suna ciro gasasshen haƙarƙarin sa daga oben don walimar Kirsimeti, mu kuma muna ta haɗiyar yawu. To jama'a, mu ma muna da namu gashin biki. Sunansa tareni, kuma akwai dogon tarihi a bayan wutarsa. Ku gyara zama.

2/
Ni ɗan Rabah ne, gabas da birnin Sakkwato, maƙwabtan Wurno da Goronyo. Maganata a zaren nan ɗaya ce. Abubuwa uku ke tsayar da tareni: rago, itace, da daren da mutum zai zauna a waje ba fargaba. Kowannensu da tarihinsa a ƙasarmu, kuma ukun duk suna cikin hatsari yau.

3/
Ga wanda bai taɓa gani ba, bari in fara da bayani. Ranar Babbar Sallah bayan an yanka rago an feɗe, sai a cire kayan ciki, a tsaga ƙirjin a buɗe shi kamar littafi. A samo sanduna dogaye a soke shi, a gicciya su ta baya, ya tsaya a baje, ƙafafu huɗu a miƙe.

4/
Daga nan sai a tara manyan guma-guman itace a fili, a kunna wuta, a kafa ragunan a kewaye suna fuskantar ta. Nama ba ya taɓa harshen wuta ko kaɗan. Zafin da ke bugowa ne ke gasa shi, a hankali, tun daga wajen azahar har dare ya raba. Ƙarƙashin kowane rago akwai kwano yana tarar mai.

5/
Kuma ba a cika yin tareni mutum ɗaya ba. Maƙwabta ke haɗa raguna a wuta guda, goma, ashirin, wani wuri fiye. Kowa ya san nasa da alama. Za ka ga wannan a Sakkwato, Kebbi, Zamfara, ka tsallaka Nijar ka same shi a Ƙonni, Maraɗi, har titunan Yamai. Kanawa ku yi haƙuri, ku naku kasko ne tun ranar farko 😄

6/
Abin sha'awa, gashin da Turawan Ingila ke tunƙaho da shi, asalinsa haka yake. Kafin oben ya shiga gidaje a ƙarni na 19, ana soke naman sa ne a ƙarfe, a riƙa juya shi a gaban wuta, da faranti a ƙasa yana tarar mai. Daga baya ne suka kulle shi cikin akwatin ƙarfe. Mu har gobe a gaban wutar muke.

7/
A Ajantina ma makiyaya na baje ɗan rago a gicciyen ƙarfe su jingina shi gefen wuta. Larabawan Maroko da Aljeriya suna da mashwi, rago sukutum. Duk inda makiyaya suka samu nama mai yawa lokaci ɗaya, ba firji, sai ka ga sun faɗo kan dabara iri ɗaya: wuta daga nesa, da haƙuri.

8/
To mu koma kan abu na farko, RAGO. Me ya sa su sa, mu rago? Alhali ƙasar Sakkwato ce gidan bokolo, farin san nan mai tozo da gajerun ƙaho da masana ke kira Gudalin Sakkwato. Shanu ba su ne matsalarmu ba. Amsar tana cikin littattafan da ake karantawa a zaure.

9/
Ƙasarmu ƙasar Malikiyya ce. A Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda duk ɗan makarantar zaure ya sani, jerin fifikon layya ya fara ne da rago, sai tunkiya, sai awaki, sannan manyan dabbobi. A hadayar alhazai kuma jerin ya juye, raƙumi ne a gaba. Malamai sun ce a layya daɗin nama ake nema, a hadaya yawansa.

10/
Sannan a Malikiyya ba a haɗa kuɗi a sayi dabbar layya a raba mallakarta, sai dai maigida ya sa iyalinsa cikin lada. Wasu mazhabobin sun yarda mutum bakwai su haɗu a sa guda, kuma yanzu mutane da yawa na bin wannan. Amma tsohon tsarinmu shi ne gida ɗaya, rago ɗaya. Shi ya sa wuta ɗaya, raguna da yawa.

11/
Kun ga ke nan siffar tareni kanta, wato raguna a jere kewaye da wuta, daga fiƙihu ta samo tushe. Da sa guda ake yanka wa unguwa, da rabon ɗanyen nama za a yi kamar watanda, kowa ya kama gabansa. Tunda kowa da ragonsa, kuma itace na da tsada, sai aka haɗa wuta.

12/
Akwai kuma siyasa a ciki. Bayan rasuwar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1817, ɗansa Muhammadu Bello ya gaji daular da maƙiya suka kewaye: Gobirawa daga arewa maso gabas, Kabawa daga yamma, ga Azbinawa. Dabarar da ya ɗauka ita ce ribaɗi, wato garuruwa masu ganuwa a bakin iyaka, mutane su zauna su yi noma su yi tsaro.

13/
Wurno ita ce babban ribaɗin Bello. Can ya fi zama a ƙarshen rayuwarsa, can ya rasu a 1837, kuma kabarinsa na nan har yau ana ziyara. Ɗansa Aliyu Babba, wanda ya yi sarauta daga 1842 zuwa 1859, shi ma Wurno ya riƙa a matsayin mazauni. Wato wannan lungun namu ya taɓa zama fadar daula.

14/
Ga inda rago ya shigo. Masanin tarihi Murray Last, a littafinsa kan Daular Sakkwato na 1967, ya nuna yadda Bello ya riƙa jan hankalin Fulani makiyaya su zauna a garuruwan ribaɗi, su rage dogaro da garken shanu, su ƙara kiwon dawaki, raƙuma, tumaki da awaki.

15/
Dalilin a fili yake. Shanu sai da mashekari, sai an bi su daji wata da watanni. Tunkiya da akuya kuwa ana iya turke su a bayan ɗaki cikin ganuwa. Wanda dabbarsa ke cikin gari, yana nan in an buga tambarin yaƙi, kuma 'ya'yansa na zuwa makaranta. Kiwon gida ya zama wani ɓangare na tsaron ƙasa.

16/
Bello bai manta da mahauta ba ma. A wasiƙar da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, wadda aka sani da Usulus Siyasa, ya lissafa masu sana'ar da ya wajaba shugaba ya kula da su ya zaunar a kowane gari, kuma mahauta na cikin jerin tare da manoma, maƙera, marina da maɗinka.

17/
Rabah kuma fa? Gidan sarautarta daga Bello ya fito. Ɗansa Abubakar Atiku na Rabah ya zama Sarkin Musulmi daga 1873 zuwa 1877. Jikan wannan Atikun shi ne Ahmadu Bello, wanda aka haifa a Rabah a 1910, ya zama hakiminta a 1934, daga baya Sardaunan Sakkwato kuma Firimiyan Jihar Arewa.

18/
Na kawo wannan ne don in nuna irin garuruwan da ake magana: garuruwan 'ya'yan sarki da malamai da barori da baƙi, inda Sallah ke nufin babban gida ya ciyar da jama'a masu yawa. Nama a irin wannan wuri hanyar riƙe mutane ne. Wa ka aika wa, wa ya aiko maka, duk ana lissafe.

19/
Sai kuma annoba ta ƙara wa rago daraja. Wajen 1890 ciwon bushiya ya ratsa Afirka daga gabas zuwa yamma, ya kashe mafi yawan shanun da ya tarar. Makiyaya da dama sun wayi gari ba ko saniya ɗaya. Tumaki da awaki sun fi tsira, da su mutane suka sake tada garke.

20/
Cutar ta sake dawowa Najeriya da ƙarfi a 1983, daidai lokacin da fari ke shirin sake bugun Sahel bayan na 1973. Sai a 2011 aka bayyana cewa an kawar da ita daga duniya baki ɗaya. A duk waɗannan shekarun, ƙaramar dabba ce ta riƙe talaka. Saniya jari ce, amma tunkiya ita ce kuɗin aljihu.

21/
Kuma a gaskiya ragon layya na mata ne. Iyayenmu mata ke sayen ɗan rago bayan Sallah, su turke shi, su yi ta ba shi dusa, harawa, kowar wake da ruwan kanwa har shekara ta zagayo. Kuɗin turka ke yin kayan ɗakin 'ya mace, ke biyan kuɗin makaranta. Ni kaina rajistata ta aji ɗaya a jami'a, ragon innata ne ya biya ta.

22/
Irin ragunan ma labari ne. Uda, mai rabin jiki baƙi ko ja rabi fari kamar an auna da igiya, na makiyayan da ke kai da kawo tsakaninmu da Nijar ne. Balami fari ƙato mai lanƙwasasshen hanci ya fi yawa ta gabas, wajen Barno. 'Yankasa shi ne na gida. A kasuwar Acida, cikin ƙasar Wurno, duk za ka gan su.

23/
Kafin mu bar naman, ku dubi abin da ake shafa masa. Gishirin da kakanninmu suka sani, ayari ke kawo shi: na Bilma a bayan raƙuman Azbinawa, da na kwarin Foga da ke yamma da mu cikin Nijar ta yau. Kanumfari daga tsibiran Indonesiya yake, ya biyo hannun Larabawa, har sunansa daga Larabci ne.

24/
Barkono da gyaɗar ƙuli-ƙuli kuwa asalinsu nahiyar Amurka, jiragen Turawan Fotugal suka kawo su gaɓar Afirka. Kimba daga kurmi take hawowa. Tafarnuwa da albasa ne namu na fadama, Wurno da Goronyo sun yi suna a kansu. Cokali ɗaya na yajin Sallah, nahiyoyi uku ne a ciki.

25/
Abu na biyu, ITACE. A nan ne ilimin yake. Tareni ba ya son itacen da ke ci bal-bal ya mutu. Yana son mai nauyi da ke barin garwashi: kirya, marke, da irinsu. Sandunan sokewa kuwa ɗanye ake nema don kada su kama wuta, yanzu galibi dogonyaro. Shi kansa dogonyaro baƙo ne daga Indiya, zamanin Turawa aka baza shi.

26/
Me ya sa daga nesa, me ya sa a hankali? Haƙarƙari da kafaɗa cike suke da jijiya da tantani. Wuta mai ƙarfi ƙona waje take yi ta bar ciki ɗanye. Amma in zafin ciki ya haura digiri 70 ya daɗe a nan, jijiyar narkewa take ta zama taushi. Abin da mai oben ke nema da ma'aunin zafi, shi tsoho ke aunawa da tafin hannunsa.

27/
Wannan ja-ja-ja da ƙamshin da ke tashi daga bayan naman, masana kimiyya na kiransa da sunan wani Bafaranshe, Maillard, wanda ya bayyana yadda abin ke faruwa a 1912. Sai saman nama ya bushe yake samuwa. Shi ya sa ake barin rago ya tsane ya sha iska kafin a kafa shi, ba a kai shi wuta yana ɗigar ruwa.

28/
Amma babban aikin tareni adanawa ne. Zafi ya kashe ƙwayoyin cuta, ruwan jikin naman ya ragu, hayaƙi da gishiri su rufe saman. Rago da aka yanka da hantsi a garin da zafi ke wuce digiri 40, in ba a yi masa haka ba, kafin gobe ya fara wari. Tareni shi ne firjinmu tun kafin a san lantarki.

29/
Wannan damuwar ta daɗe a Musulunci. Kwanaki ukun da ke bin ranar Sallah ana kiransu ayyamut tashriƙ, kuma malaman lugga da dama sun ce sunan ya fito ne daga shanya yankakken nama a rana da Larabawa ke yi a Mina. Su rana suka yi amfani da ita. Mu muka haɗa da wuta.

30/
Tsarin kwanakin a wurinmu haka yake. Ranar Sallah kayan ciki ake ci: hanta, ƙoda, tumbi, mata na soyawa a cikin gida. Kai da ƙafafu a babbake. Gangar jikin na waje a wuta. Da dare a sauke, a jingine a ɗaki mai iska ya kwana. Ba a sa masa wuƙa da zafinsa, sai ya huce ruwansa ya zauna.

31/
Washegari da safe ake sara. A nan yara ke shan yawo da kwanoni a ka: wannan cinya gidan surukai, wannan gidan malam, wannan na gwaggo, wannan na maƙwabcin da bai samu yi ba bana. Naman layya ba a sayar da shi, ko fatar ma. Ci, kyauta, sadaka. Iyakarsa ke nan.

32/
Abin da ya rage sai a yayyanka a soya cikin man da aka tara a kwanonin nan, a soya har ya bushe ƙarau, a zuba a tukunya ko garwa a rufe. Kakata kan ce, “Naman da anka yi wa tareni anka soya, shi ka kai Cika-ciki.” Kuma yana kaiwa. Wata guda cur, ranar Ashura a ciro a sa a miya.

33/
To ina itacen ke fitowa? Gabas da mu akwai dajin Gundumi, tsakanin ƙasar Sakkwato da ta Isa. Tsohon daji ne mai suna a tarihi. Baturen Ingila Clapperton ya ratsa shi a 1824 a hanyarsa ta zuwa wurin Bello, ya sha ƙishirwa. Shi ne wanda ya dawo karo na biyu ya rasu a Sakkwato a 1827.

34/
Bajamushe Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya bi ta Gundumi a 1853 kafin ya gana da Aliyu Babba ya zauna a Wurno. Ya ba da labarin yadda ayarinsu ya yi tafiyar fiye da yini da kwana ba tsayawa, don tsoron harin Gobirawa. Ku riƙe wannan: dajin nan ya taɓa zama wurin tsoro, aka zo aka samu lafiyarsa.

35/
A zamanin iyayenmu Gundumi wurin kiwo ne da itace da farauta. Amma gari na girma, gona na cin daji, kowa da itace yake girki. Fari na 1973 da na 1984 sun kashe itatuwa da yawa. Kirya da marke suka yi ta ja da baya, masu gawayi na bin sauran. Yau guma ɗaya mai kyau sai ka biya kuɗin da da can kaza ake saye da shi.

36/
Madatsar ruwan Goronyo a kan gulbin Rima, wadda aka kammala a 1984, ta kawo noman rani, ta ƙara harawa da ragowar amfanin gona don turka. Wannan alheri ne ga rago. Amma ruwa ba ya maye gurbin daji. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya yi tsada, gidaje da yawa suka koma itace da gawayi, nauyi ya ƙaru a kan sauran bishiyoyin.

37/
Abu na uku, DARE. Wannan ne ya fi yi mini ciwo. Tareni aikin dare ne. Dattawa a tabarma suna hira, samari na juya raguna suna gyara wuta, mu yara muna korar karnuka muna lakatar mai da yatsa in an kau da kai. A bakin wutar nan na fara jin sunayen kakannina da labarin yadda aka kafa unguwarmu.

38/
A watan Yulin 2018 'yan bindiga suka afka wa ƙauyen Tabanni a gundumar Gandi, cikin ƙaramar hukumar Rabah, suka kashe mutum fiye da 30. Jama'a suka kwararo Gandi gudun hijira. Ga da yawa daga cikinmu, ranar ce muka gane cewa abin da muke ji a Zamfara ya iso gida.

39/
A watan Satumban 2021 gwamnatin jiha ta Aminu Waziri Tambuwal ta kafa dokar taƙaita zirga-zirga don tsaro. Cikin abin da aka dakatar har da sayar da dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, da lodin itace daga daji a manyan motoci. Aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14. Ku duba: dabba da itace. Kayan tareni ke nan cif.

40/
Ba a yi wata biyu ba, ranar 17 ga Oktoban 2021, aka buɗe wuta a kasuwar Goronyo ranar da take ci, aka kashe mutum sama da 40. Allah Ya jiƙansu da rahama. Kasuwar da mace za ta aika da ragon turkarta, kasuwar da maigida zai je sayen na layya, ita ce ta zama wurin da ake shiga da addu'a a baki.

41/
Ku haɗa lissafin. Ragon da aka turke shekara guda ana iya kore shi a dare ɗaya, don haka mata da yawa a ƙauyuka sun daina turka ko sun sayar da wuri da araha. Mai itace na tsoron shiga daji. Wuta babba a fili da dare kuwa, a wasu ƙauyukan tamkar ka kunna fitila ce ka ce ga mu nan, kuma muna da nama.

42/
Ga kuma iyaka. Kaso mai yawa na ragunan Sallarmu daga Nijar suke shigowa ta Illela da sauran hanyoyi. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 aka rufe iyaka. A watan Mayun 2025, ana dab da Sallah, gwamnatin Nijar ta hana fitar da dabbobi waje. Uda bai san fasfo ba, amma farashinsa ya sani.

43/
Wani zai ce, to a bar tareni mana, a sa a firji. Da wace wutar? Kuma ku lura, Babbar Sallah na matsowa da kwana 10 zuwa 11 duk shekara. A 2024 tsakiyar Yuni aka yi ta, a 2025 farkon Yuni. Shekarun da ke tafe cikin Mayu da Afrilu za ta faɗo, tsakiyar bazara. Lokacin da za mu fi buƙatar wannan ilimin ne muke sakinsa.

44/
Ga wanda ke birni ko makaranta, ba fili ba taron raguna, ana iya yin ƙaramin tareni da haƙarƙari kawai, na rago ko na sa. Ka bar shi da ƙashinsa da kitsensa. Ka shafa gishiri, ka bar shi ya tsane a inuwa inda ƙuda ba ya kaiwa. In akwai tsoka mai kauri, ka tsaga ta don zafi ya shiga.

45/
Ka haɗa wuta ka bari ta zama garwashi. Ka kafa naman a gefe, nisan da in ka sa hannunka a wurin za ka iya ƙirga goma kafin ka janye. Ɓangaren ƙashi ya fara fuskantar wuta, shi zai ɗauki mafi yawan lokacin, sannan ka juya ɓangaren kitse. Kwano a ƙasa. Ka riƙa shafa man da ya ɗiga.

46/
Yaji mai ƙuli-ƙuli sai can ƙarshe ko bayan an sauke, in ka sa da wuri ƙonewa zai yi ya yi ɗaci. Alamar nuna: ƙashi ya fara leƙowa, in ka soka tsinke ruwan da ke fita fari ne ba ja ba. Naman ajiya ba a barinsa da ja a ciki irin na bidiyon Turawa, su a take suke cinye nasu. Kuma don Allah ban da taya ko roba a wuta.

47/
Sauran aikin namu ne, mu masu waya a hannu. Sallar bana ka zauna kusa da dattijon da ke kula da wutar unguwarku. Ka tambaye shi wane itace, wane nisa, yaya yake gane ya nuna, wa ya koya masa. Ka ɗauki muryarsa. Ka tambayi innarka yadda ake suyar da ke kai wata uku. Waɗannan ba sa cikin littafin kowa.

48/
In kuna da hali, unguwa ta haɗa wuta ɗaya maimakon kowane gida ya kunna tasa, itacen zai ragu sosai. Kuma duk wanda ya ci tareni, bishiya na binsa bashi. Damina na zuwa, dashen kirya ko marke guda ba zai gagare mu ba.

49/
Bello ya gina Wurno ne don manomi da makiyayi da mahauci su kwana cikin aminci a bakin dajin da ake tsoro, kuma an yi hakan har ya zama tarihi. Abin da muke roƙo ga masu mulkin yau bai wuce wannan ba: mutumin Gandi da na Goronyo ya turke ragonsa ya same shi da safe, ya kunna wutarsa a ƙofar gida.

50/
Nan zan tsaya. A garinku me kuke kiran wannan gashin, kuma har yanzu ana yi? Mutanen Nijar, Kebbi da Zamfara ina jiran ku a ƙasa, da hotuna in akwai. Wanda ya ga zaren ya amfane shi ya tura wa wani.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya maimaita mana. 🤲🏾